Tambaya da Amsa: Bil Ɗin Wuta a Shago da Masana'anta

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan kuɗin wutar lantarki suka zo, daga masu shaguna da ƙananan masana'antu. Mun zaɓi biyar. Farashin da muka yi lissafi da shi na shekarar 2024 ne, don haka kowa ya duba rasidinsa ya sa wanda ake cajinsa a yau.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar ƙanƙara, firiza shida gare ni. Da can in na sayi katin naira 50,000 nakan sami yunit sama da 600, yanzu da ƙyar yake haura 200. Mitar ce ta lalace, ko kuwa cutata ake yi?
*Daga wata mai sayar da ƙanƙara*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki game da mitar. Ita mitar kati, wadda ake wa laƙabi da iya-kuɗinka-iya-shagalinka, ba ta yanke farashi. Tun a wurin sayen kati ake lissafa yawan yunit, ita karɓa kawai take yi tana ragewa. Abin da ya canza shi ne farashin rukunin da layinku yake.

Tun shekarar 2020 hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a Najeriya, ta kasa masu shan wuta gida biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana. Band A aƙalla awa 20, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E kuma awa 4. Ba mutum ake dubawa ba, ba kuma sana'arsa ba. Babban layin da ya taso daga tashar rarraba wuta ya shigo unguwarku, wanda ma'aikata ke ce wa fida, shi ake sa wa rukuni. Duk wanda ke kan wannan layi, da mai otal da mai cajin waya, rukuninsu ɗaya.

A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. A watan Mayu ya sauko naira 206.80, a Yuli ya koma naira 209.50. A kan wannan ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, sai yunit ɗaya ya tsaya a naira 225.21. Ki raba 50,000 da 225.21, za ki ga yunit 222 ne. Kin ga kenan lissafinki ya yi daidai da na wanda ke Band A.

In kuwa abin da kike samu bai kai haka ba, ki duba rasidin da kyau. Idan akwai tsohon bashi a kan asusun, ana cire wani kaso daga duk katin da kika saya kafin a lissafa yunit, kuma akan rubuta shi a layinsa daban. Mutane da yawa lambobi 20 ɗin kawai suke kwafa su jefar da takardar, alhali amsar tana jikinta.

Abin da ya fi dacewa ki sa wa ido shi ne awannin. Mai biyan kuɗin Band A haƙƙinsa ne ya sami awa 20. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2024 ta ce layin da ya gaza cika alkawari kwana bakwai a jere, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake bayarwa. Ki samo ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka kawo, na tsawon mako biyu. Idan ku biyar ne ko shida a layin kuka yi haka, ƙorafinku zai fi nauyi fiye da na mai cewa "ai ba ma samun wuta" da fatar baki.

Tambaya: Ina da injin niƙa mai mota doki goma. Ina so in san nawa yake ci min a wata, don in gane ko wutar kamfani ta fi min sauƙi ko in ci gaba da injin gas.
*Daga wani mai niƙa, Funtuwa*

Amsa: Malam, yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya da ya yi aiki tsawon awa ɗaya. Doki ɗaya kuwa wat 746 ne, doki goma kenan kilowat 7.46. Amma wannan ƙarfin da motar ke fitarwa ne, ba wanda take ja daga layi ba. Wani kaso yana tafiya a zafi, don haka in tana ɗauke da cikakken lodi za ta ja wajen kilowat 8.6. In kana aiki awa shida a rana, yunit 52 kenan. A kwana 26, kusan yunit 1,340. A farashin Band A da haraji, wajen naira 302,000. Wannan shi ne ƙololuwa, domin injin niƙa ba ya wuni cike da hatsi.

Akwai hanyar da ta fi wannan lissafin takarda. Kashe komai na shagon, ka rubuta abin da mita ta nuna, ka niƙa buhu ɗaya na masara, ka sake dubawa. Bambancin shi ne abin da buhu ke ci. Ka maimaita da dawa da gero, don ba ɗaya suke ba. Daga nan ne za ka san ko kuɗin niƙan da kake karɓa a kwano yana fitar da kai.

Shi kuwa janareton gas mai lafiya, lita ɗaya takan ba da kimanin yunit uku in an ɗora masa lodi daidai ƙarfinsa. A ce, misali, ka sayi lita naira 1,200, yunit ya kama maka naira 400, ban da baƙin mai da matata da kuɗin makaniki. Ko a Band A wutar kamfani ta fi araha, matuƙar tana zuwa a lokacin da mata ke kawo niƙa.

Abubuwan da ke sa mota cin wuta fiye da kima sanannu ne. Faranti in ya dakushe, niƙan minti goma sai ya koma ashirin. Bel in ya saki, motar na juyi ƙarfin na zubewa. Motar da aka yi wa naɗin waya sau biyu ko uku, musamman in mai naɗin ya yi amfani da wayar da ba ta kai kaurin ta asali ba, takan yi zafi ta ƙara ci. Sai barin inji yana gudu babu komai a ciki ana jiran mai kawo niƙa, wanda kuɗi ne ke ƙonewa a banza. Mafi haɗari shi ne ɗaukewar layi ɗaya cikin layuka ukun da ke shiga motar: motar za ta ci gaba da juyi tana gurnani, sauran layuka biyu su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu, cikin mintuna kaɗan koyil ya ƙone. Na'urar da ke katse wuta in layi ɗaya ya faɗi ba ta kai kuɗin naɗi ɗaya ba, ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka ita.

Tambaya: Muna da masana'antar ruwan leda. Mitarmu ta MD ce, ana kawo mana bil duk wata. Na duba da idona, bambancin karatun watan jiya da na wannan watan 85 ne kacal, amma an rubuta mana yunit 5,100. Daga ina suka samo wannan?
*Daga manajan wata masana'anta*

Amsa: Alhaji, wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci, don a nan ne manyan kuɗi ke ɓacewa shiru. Bayan rukunin awanni, akwai kuma ajin mai shan wuta. Ƙananan shaguna da gidaje su ne Non-MD. Wanda lodinsa ya kai kVA (ma'aunin girman lodi) 45 zuwa sama shi ne MD, wato mai jan wuta da yawa. MD1 yana shan wuta daga ƙaramin layi, MD2 kuwa daga babban layi mai kilobolt 11 ko 33, galibi da taransifomarsa.

Wutar da masana'anta ke ja ta fi ƙarfin ta bi ta cikin mita kai tsaye. Sai a zura manyan wayoyin ta cikin wasu zobba uku da ake kira CT, kowane layi da nasa. Aikin zoben ya rage wutar zuwa ɗan abin da mita za ta iya aunawa. A jikinsa akwai rubutu kamar 200/5, ma'ana idan amfiya 200 ta wuce, biyar ce ke isa mita. Ka raba 200 da 5, ka sami 40. Wannan 40 ɗin ita ake ninka karatun mita da ita, kuma akwai gurbinta a jikin bil.

A naka bil, 5,100 a raba da 85 ya ba da 60. Kenan kamfani na lissafa ka a matsayin mai zobe 300/5. In haka ne a jikin zobbanka, bil ɗin daidai yake. Amma in 200/5 ne, abin da ka sha 85 sau 40, wato yunit 3,400. A farashin Band A na naira 209.50 kuɗinsa 712,300, haraji 53,422.50, jimla 765,722.50. Na yunit 5,100 kuwa 1,148,583.75. Tsakaninsu akwai fiye da naira 382,000 a wata guda. Irin wannan kuskure yakan faru in an canza zobba bayan gobara ko gyara, ba a gyara a kwamfutar kamfani ba. Yana kuma iya juyewa: in zobban sun fi abin da ke rubuce, kai ne kake biyan ƙasa da kima, ranar da aka gano kuma za a biyo ka da cikon.

Kada ka fasa hatimin akwatin da kanka don ka leƙa. Fasa hatimi laifi ne mai tara, ko da niyyarka gaskiya ce. Ka rubuta wasiƙa ka nemi a turo ma'aikatan mita su buɗe a gabanka da gaban mai kula da wutar masana'antarka, a ɗauki hoton rubutun kowane zobe, kowa ya sa hannu a takardar binciken. Ka kuma tambaye su ko an riga an shigar da ninkin cikin mitar. Wasu mitocin zamani suna nuna cikakken yunit da kansu, irin waɗannan ninkinsu 1 ne, in aka sake ninkawa a ofis an ninka sau biyu kenan.

Sannan ka bambanta kuɗin wutar wannan wata da jimlar da ke ƙasan takarda. Jimlar ta haɗa da ragowar baya, an cire abin da ka biya. In ka biya ba a shigar ba, zai dawo maka a matsayin bashi, shi ya sa ake ajiye rasidi. Tsohon cajin nan na dindindin da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba, an soke shi tun watan Fabrairun 2016.

Tambaya: Shagon ɗinki gare ni, keke huɗu da dutsen guga, ba ni da mita. Bil ɗin ƙiyasi sai hawa yake yi. Ina da mafita?
*Daga wani tela*

Amsa: Akwai, Malam. Tun watan Fabrairun 2020 hukumar NERC ta sa iyaka ga yunit ɗin da za a ƙiyasta wa marar mita, ana ɗauko shi daga matsakaicin abin da masu mita ke sha a yankin, kuma tana wallafa jadawalin a shafinta na intanet. Ka nemi sunan layinku a jikin bil ka gwada. In an wuce iyakar, ka rubuta ƙorafi ga sashen koken abokan hulɗa na kamfanin, ka karɓi kwafi mai hatimi. Kwana 15 na aiki gare su. In ba a warware ba, sai ofishin sauraren ƙorafi na hukumar da ke jiharku ko mafi kusa, daga nan sai hukumar da kanta. A jihohin da suka karɓi ragamar harkar bayan dokar lantarki ta 2023, kamar Inugu da Legas, hukumar jiha ake kai wa. Muddin ana cikin wannan takaddama, adadin bil na ƙarshe da ba ka yi jayayya a kansa ba za ka ci gaba da biya. Kada ka daina biya gaba ɗaya, don nan ne ake samun hujjar yanke maka.

Ra'ayinmu dai ka nemi mita. A tsarin samar da mita da ake kira MAP kai za ka biya kuɗinta, a riƙa mayar maka da shi a yunit sannu a hankali. Ka biya ta asusun da kamfani ya bayar a hukumance, ba a hannun wani mai tsani ba. Za ka kuma gano cewa kekunan ba su ne masu ci ba. Dutsen guga ɗaya yakan ja wat 1,000 ko fiye, ya ninka motar keke sau da dama.

Tambaya: Na kama hayar shago, sai aka kawo min bil da bashin naira 640,000 na wanda ya tashi. Dole ne in biya?
*Daga wani mai sayar da kayan masarufi*

Amsa: A ƙa'ida bashin wuta na wanda ya sha ne, ba na sabon shiga ba. Sai dai kamfani ba shi da hanyar sanin an yi canji in ba a faɗa masa ba. Ka rubuta masa wasiƙa, ka haɗa da takardar yarjejeniyar haya mai ɗauke da ranar da ka shiga, da hoton mitar in akwai, ka nemi a raba tsohon bashin da asusunka. Ka sa mai shagon ya sa hannu ko ya raka ka, tunda shi ya san wanda ya tashi da inda ya koma. In mitar kati ce kuma har an fara cire bashin daga katinka, ka tattara rasidan duka ka haɗa da wasiƙar, ka nemi a mayar maka da abin da aka cire tun daga ranar da ka karɓi mabuɗi.