Shin tuban makashi yana goge jinin da ya zubar?

Tambaya: Malam, ina kallon wani shiri mai dogon zango na yaƙin sararin samaniya. Wani kwamanda ya hallaka al'umma guda, daga baya ya koma ɓangaren jarumai, aka rungume shi. Ni kuwa 'yan bindiga sun kashe wana a gabashin Sakkwato, sai na ji na tsani mai irin wannan tuba. Na yi laifi?

Amsa: Allah Ya jiƙan ɗan'uwanka, ɗana. Kallon ƙagaggen labari babu laifi idan ba tsiraici ko ɓata aƙida, bai kuma cinye maka salla ba. Maganar ɗan'uwanka ita ce ta tsayar da ni.

Masu shirya fim sukan wanke mugu da jarumta guda, su manta da iyalan mamatan. Shari'a ba ta manta da su. Kisa yana ɗauke da haƙƙi uku: na Allah, wanda tuba ke gogewa, na magada, su zaɓi ƙisasi, diyya ko afuwa a gaban alƙali, da na mamaci, wanda ke jiran Alƙiyama. Ko ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce haddi ya faɗi, amma a bi shi jini da dukiyar mutane.

Sai dai kada zafi ya kai ka ga cewa makashi ba shi da tuba. An ruwaito haka daga Ibn Abbas, bisa aya ta 93 a Suratun Nisa'i. Jumhurun malamai sun saɓa masa, kuma su ne da rinjaye. A surar dai, aya ta 48 ta ce Allah Yana gafarta duk abin da bai kai shirka ba ga wanda Ya so. Mushriki ma ana karɓar tubansa, ina ga wanda laifinsa bai kai nan ba? Ga hadisin wanda ya kashe mutum 100, ya tuba, mala'ikun rahama suka ɗauke shi. An ma ruwaito cewa Ibn Abbas ya faɗa wa wani cewa makashi ba shi da tuba ne don ya ga alamar niyyar kisa a fuskarsa.

Ƙin ganin makasan kuwa ba zunubi ba ne. Wahshi ya kashe Hamza a Uhudu, ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓa, amma ya nemi ya riƙa ɓoye masa fuskarsa. Ba a tilasta maka so, an dai hana ka ɗaukar fansa da hannunka.

Ka ajiye shirin nan tukuna, tunda yana fama maka miki. Idan wanka ya bar marayu, ka riƙa leƙa su. Wallahu a'alam.