Ku Tambaya Mu Amsa: Cinikin Birtaniya Bayan Ficewa, da Kuɗin Satan da Ke Kwana a Landan

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, duk kayan da ta kai Faransa ko Jamus sai an biya masa kuɗin kwastan. Wasu kuma sun ce babu abin da ya sauya. Wa ke da gaskiya?
*Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka ɓangarorin sun kauce, amma masu cewa babu abin da ya sauya sun fi nisa da gaskiya. Birtaniya ta fice ranar 31 ga Janairun 2020, sabon tsarin ciniki kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021. Yarjejeniyar cinikin da Birtaniya ta ƙulla da Tarayyar ta ce babu kuɗin fito, babu ƙayyade yawan kaya, da sharaɗi ɗaya: kayan ya zama asalinsa na Birtaniya ne ko na Tarayyar.

A kan wannan sharaɗin ne ’yan kasuwa suka sha wuya. Rigar da aka ɗinka a China, aka sauke ta a sito a Manchester, aka biya mata kwastan, idan aka sayar wa mai shago a Paris sai an sake biyan kashi 12 cikin 100, domin sauya leda ko liƙa sabon tambari ba ya mayar da ita kayan Birtaniya. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka kama sito a Holan, kaya na sauka can kai tsaye.

Ko kayan da ya tsira daga haraji bai tsira daga takardu ba. Mai fitarwa sai ya mallaki lambar rajistar kwastan ta EORI, ya nemo lambar jinsin kayansa, ya cike takardar fita, mai saye ya cike ta shiga, a rubuta shaidar asalin kaya a jikin rasit, a biya harajin VAT a ƙasar da kayan ya shiga. Idan nama ne, ko kifi, ko cuku, sai an haɗa da takardar lafiya da sa hannun jami'in da hukuma ta amince da shi. Tirela ɗaya na iya ɗauko kayan mutum goma. Takardar mutum ɗaya ta samu kuskure, a tsare motar baki ɗaya. Haka kifi ya riƙa lalacewa a hanya a Janairun 2021, har masu sana'ar suka jera motocinsu kusa da majalisar dokoki a Landan don nuna fushi. Wahalar takardar kwali ɗaya kusan daidai take da ta kwantena, don haka ƙananan ’yan kasuwa ne suka fara janye jiki. Hukumar OBR mai hasashen kasafin kuɗin ƙasar ta ƙiyasta cewa a dogon zango cinikin waje zai gaza abin da zai kasance da kusan kashi 15 cikin 100.

Tambaya: Me ya sa kullum ake ware Ireland ta Arewa idan ana wannan magana?
*Daga wata ɗaliba a Zariya*

Amsa: Malama, ita kaɗai ce a cikin yankuna huɗu na ƙasar ke da iyakar tudu da wata ƙasar Tarayyar, wato Jamhuriyar Ireland, kuma babu mai son a dawo da shingayen bincike a iyakar da aka zubar da jini a kanta kafin sulhun 1998. Sai aka mayar da binciken tashoshin jiragen ruwan da ke karɓar kaya daga sauran sassan Birtaniya, yankin ya ci gaba da bin dokokin Turai kan kaya. ’Yan jam'iyyar DUP, masu son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, suka ce an raba su da ƙasarsu. Tsarin Windsor na Fabrairun 2023 ya sassauta: kayan da zai tsaya a yankin ya bi koren layi da takardu kaɗan, wanda zai iya zarcewa kudu zuwa Jamhuriyar Ireland ya bi jan layi a bincike shi sosai.

Tambaya: Ina sana'ar riɗi da zoɓo. Ficewar nan ta buɗe mana wata ƙofa?
*Daga wani mai karatu a kasuwar Dawanau*

Amsa: Ta buɗe, sai dai ba ita ce ƙofar da ta tare ka ba, Alhaji. A Yunin 2023 Birtaniya ta fara tsarinta na rangwamen kuɗin fito ga ƙasashe masu tasowa 65. Nijar na rukunin da kusan duk kayansa ke shiga kyauta ban da makamai, Najeriya na rukuni na biye, Ghana kuma tana da tata yarjejeniya tun 2021. Amma ɗanyen riɗi dama can ba a biya masa fito. Abin da ke mayar da kwantena baya shi ne ɗakin gwaji: ƙwayar salmonela a riɗi, gubar fumfuna a gyaɗa, ragowar maganin ƙwari a wake. Wannan na ƙarshen ne ya sa Tarayyar Turai ta hana busasshen waken Najeriya shiga a 2015.

Don haka ka shanya a kan tampol mai tsafta nesa da kaji da awaki, kada ka zuba a buhu da sauran danshi, ka kai samfur gwaji kafin lodi. Ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, NEPC, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP a banki, ka karɓi takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona, NAQS. Ka kuma sani kayan da aka sallama a Ingila ba ya zarcewa Jamus kai tsaye kamar da. Shiga ta biyu ce, da nata binciken.

Tambaya: Turawan da ke kiranmu ɓarayi, ba a wajensu ake ajiye kuɗin ba? An ce ma don kare irin wannan kuɗin suka fice.
*Daga wani malamin makaranta a Maraɗi*

Amsa: Malam, zancen cewa don haka aka fice ba shi da hujja, domin matsalar ta girme ficewar da shekaru masu yawa. Tun 2001 hukumar sa ido kan bankunan Birtaniya ta gano dala biliyan 1.3 da ke da alaƙa da iyalin Abacha da makusantansu sun ratsa bankuna 23 a ƙasar. Sashen farko na tambayarka kuwa yana nan daram. Ita ce amsar da Buhari ya ba David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, a 2016, da ya sa Najeriya a sahun gaba na cin hanci: ba afuwa yake nema ba, a dawo da dukiya.

Da ɗan gari akan ci gari. Kuɗin sata ba ya zuwa Landan a jaka. Ana buɗe kamfani a Tsibiran British Virgin da ke ƙarƙashin Birtaniya, kamfanin ya sayi gida, lauya ya haɗa takardu, dillali ya karɓi la'ada, sunan mai gidan na gaskiya bai fito ko'ina ba. A cikin Birtaniya kanta, kafin Mayun 2024 an daɗe ana rajistar kamfani ta intanet da fam 12, ba tare da an duba ko sunan da adireshin na gaske ba ne. Sai da Rasha ta auka wa Yukren a 2022 aka yi doka cikin gaggawa cewa kamfanin waje mai gida a ƙasar ya bayyana mai shi, aka kuma rufe bizar masu zuba fam miliyan 2 ana gab da fara yaƙin.

Akwai wata doka da ta fara aiki a 2018, wadda ke ba kotu ikon tilasta wa mutum ya bayyana inda ya samo kuɗin kadarar da ta haura fam 50,000. An yi ta yayata ta, amma a 2020 hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya, NCA, ta faɗi shari'a kan gidajen iyalin tsohon shugaban Kazakistan, aka miƙo mata lissafin lauyoyi na fam miliyan 1.5, jikinta ya yi sanyi. Ko inda aka yi nasara, dawo da kuɗi na tafiyar hawainiya. An ɗaure James Ibori, tsohon gwamnan Jihar Delta, shekara 13 a Landan a 2012. Fam miliyan 4.2 aka dawo wa Najeriya da su a 2021, kuma sai a 2023 alƙali ya ba da umarnin ƙwace fam miliyan 101 da ɗoriya. Masu ba da cin hancin ma na can: a 2022 wata kotun Landan ta sa reshen kamfanin Glencore, mai cinikin mai da ma'adanai, biyan kusan fam miliyan 280 kan toshiyar da ya bayar don samun mai a Najeriya, Kamaru da wasu ƙasashen Afirka. Abin da ficewar ta taɓa a wannan fanni shi ne aikin ’yan sanda, domin Birtaniya ta rasa damar shiga babban rumbun bayanan masu laifi na yankin Shengen (ƙasashen Turai da ake ratsawa ba binciken fasfo a tsakaninsu), kuma wasu ƙasashe, irin su Jamus, ba sa miƙa mata ’yan ƙasarsu idan tana nemansu.