Auta, kada a jinginar da fadamar nan saboda bizar gidan tsofaffi

Auta, na saurari saƙonki na murya, na kuma ga hoton takardar da ejan ɗin nan na Kano ya ba ki. Kina tambaya wane irin aiki ake yi a gidajen kula da tsofaffi na Ingila, da kuma ko shaidarki ta makarantar kiwon lafiya ta Jahun za ta kawo ki. Kin ce Baffa ya fara zancen jinginar da fadamar bakin kogi don a haɗa kuɗin da mutumin ya yanka. Na ga gara in rubuta, ki karanta wa Baffa da Yaya Babba a tsanake bayan sallar isha'i.

Da fadamar zan fara, don ita ce mai gaggawa. Kada a jinginar. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ba da bizar aikin kula da mutane ga wanda yake wajen ƙasar. Ƙofar ta buɗe ne a Fabrairun 2022, lokacin da gidajen suka rasa ma'aikata bayan korona, kuma ta nan irinmu muka shigo. A Maris ɗin 2024 aka hana masu zuwa tahowa da miji ko mata da 'ya'ya, daga baya aka rufe gaba ɗaya. Waɗanda suke ciki kaɗai aka bar wa damar sabuntawa ko sauyawa zuwa wannan biza har 2028. Don haka duk wanda ya ce zai ɗauko ki daga ƙauyenmu na Taura ya kawo ki wannan aiki, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai. Ko a lokacin da hanyar ke buɗe ma, takardar ɗaukar nauyi da kamfani ke ba ma'aikaci ya nemi biza da ita ba hajar sayarwa ba ce, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta. Daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 an soke lasisin kamfanonin kula da mutane sama da 470, kuma idan aka soke na wanda ya kawo ki, kwana 60 ake ba ki ki sami wani ko ki tattara. Na zauna da matan da suka sayar da gona da zinari, suka sauka suka tarar babu aikin, wata ma ko ofishin ba ta samu ba.

Duk da haka zan amsa tambayar taki, domin ko ta hanyar karatun nas kika zo wata rana, cikin waɗannan gidajen za ki iya samun kanki. Kuma ina so Inna ta ji, ta daina cewa Turawa zubar da iyayensu suke yi.

Ejan ya ce miki “gidan tsofaffi” kamar abu ɗaya ne. Daidai yake da mutum ya ce “asibiti” yana nufin ɗakin shan maganin da kike aiki da kuma asibitin Malam Aminu Kano a lokaci guda. Abin da ke raba su shi ne irin buƙatar mutum, sai kuma wanda zai biya. Ganin likita da jinyar asibiti kyauta ne a ƙarƙashin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, tun 1948, amma wanka da ciyarwa da kai mutum ban-ɗaki ba kyauta ba ne. Ƙaramar hukuma ke aiko ma'aikaci ya auna abin da tsoho ke iya yi wa kansa, sannan a auna aljihunsa. A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma idan gidan kulawa zai koma dindindin har gidansa ake sawa a lissafi, sai fa in matarsa ko mijinta na zaune a ciki. Gidaje da yawa suna karɓar sama da fam 1,000 a mako. Kin ga tsohuwar da Inna ke tausaya wa, sau da yawa gidan da ta yi shekaru tana biya aka sayar don a kula da ita. 'Ya'yan nata kuwa biyu ne ko ɗaya, su ma sun haura sittin, suna wani gari, babu suruka babu jikoki a tsakar gida. A Sikotilan tsarin ya ɗan bambanta, can wanka da ciyarwa irin wannan gwamnati ke ɗauka tun 2002.

Mafi yawan masu buƙata ma ba sa barin gidajensu. Ma'aikaciya ce ke bin su gida-gida: ta tashi wannan ta yi masa wanka ta ba shi magani cikin rabin awa, ta ruga wajen na gaba, da rana ta dawo, da dare ta kwantar da shi. Da wannan na fara, kuma shi ne ya fi cin sababbin zuwa, don kusan sai da mota, lasisin tuƙinmu na Najeriya kuma wata 12 kawai yake aiki kafin ki ci jarrabawarsu. Za ki fita tun duhun asuba ki dawo bayan isha'i, amma in aka haɗa mintocin da kika yi a cikin gidaje sai ki ga ba su taka kara sun karya ba. Akwai kuma wadda ke tarewa gidan tsohon kacokan, ta kwana ta tashi da shi na makonni. Ba haya a kanta, amma kaɗaici ne zalla.

Idan zaman gida ya gagara, sai gidan kulawa, shi ma iri biyu ne manya. Na farko na waɗanda ƙarfi ya ƙare musu ne amma ba sa buƙatar nas a kansu: kowa da ɗakinsa, ana taimaka masa da wanka da sutura da abinci, in allura ko wankin gyambo ya taso nas ta zo daga waje. Na biyu dole a sami nas mai rajista dare da rana, don a nan ake ajiye masu shanyewar ɓarin jiki, masu robar fitsari, masu cin abinci ta roba a ciki, da waɗanda ba sa iya juyawa sai an juya su kan lokaci don kada gyambon kwanciya ya kama su. Ba a ciccibar mutum da hannu yadda muke yi, na'urar ɗagawa ake amfani da ita, galibi mutum biyu. A tsakanin zaman gida da waɗannan akwai rukunin ɗakuna inda tsoho ke da ƙofarsa da mukullinsa, ma'aikata na kusa in ya danna ƙararrawa. Akwai inda ake kai mutum ya wuni ya dawo, da inda ake karɓarsa na mako ɗaya ko biyu don mai jinyarsa ta huta (wannan kam da muna da shi, da matar Kawu ta samu ta numfasa). Sai gidan da ake kai wanda likita ya ce ciwonsa ba na tashi ba ne, a rage masa zafi har Allah ya karɓi abinsa. Yawancinsu ƙungiyoyin agaji ke riƙe da su.

Inda nake yanzu ɓangaren masu gigin tsufa ne, kuma a nan nake so ki nutsu. A wajenmu in tsohuwa ta fara kiran jikarta da sunan kishiyarta da ta rasu, ko ta ɗaure kaya da asuba ta ce gidansu za ta, sai a ce tsufa ne, wasu marasa tsoron Allah su ce maita. A nan cuta ce ta ƙwaƙwalwa da likita ke tabbatarwa, wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, kuma masu fama da gigin sun kusa miliyan ɗaya a Birtaniya. Ƙofar ɓangaren da lambobin sirri ake buɗe ta. Da la'asar sakaliya hankalinsu ya fi tashi: wannan na neman jakarta za ta ɗauko yara daga makaranta, waccan na tsaye bakin taga tana jiran mijin da ya daɗe a ƙasa. Ba a ce mata ya mutu, don kullum kamar yau ta fara ji. Sai ki ce ta ba ki labarin yadda suka haɗu, kina jan ta zuwa teburin shayi. Za a yakushe ki, a tofa miki abinci, wani ya zage ki da launin fatarki, gobe kuma ya riƙe hannunki yana kiran ki 'yarsa.

Ƙazanta ba ita ke kayar da 'yan gidanmu ba, wa ya girma a ƙauye bai wanke kashin tsoho ba? Abin da ke kayar da mu shi ne tsohon yana da ikon cewa a'a. Dokar 2005 kan hankalin yanke shawara ta ce a ɗauki kowa a mai hankali har sai an tabbatar da akasin haka, kuma mai hankali yana da damar zaɓar abin da ke a ganinki wauta ne. Mai ciwon suga ya ce sai ya sha alewa, ki yi masa bayani, ki rubuta, ki ƙyale shi. Ya ƙi wanka yau, ba a jan sa. Mu da muka saba a danne Kaka a ɗura mata magani, ko a marmasa shi cikin kunu ba ta sani ba, da sunan ƙauna, a nan wannan na iya raba ki da aiki har da bizarki. Ɓoye magani a abinci sai an tabbatar mutum ba ya iya yanke shawara, likita da mai harhaɗa magani sun amince a rubuce. Ko rufe masa ƙofar ma sai da izinin hukuma. Kowane kofin ruwa, kowace juyawa, kowane ɗan tabo a fata sai an shigar, domin hukumar CQC da ke duba gidajen Ingila tun 2009 takarda take bi, ta ba gida maki, kowa ya gani a intanet. Ni dai a nawa ganin sun fi mu gaskiya a batun dannewa, mun fi su a batun zama kusa da tsoho. Akwai ɗakin da sai a yi wata ba wanda ya leƙo.

Ba kuma tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai matasa masu galahanga da masu jinkirin fahimta, da waɗanda haɗarin mota ya taɓa wa laka ko ƙwaƙwalwa, da masu taɓin hankali da suka fito daga asibiti. Da yawansu a gidan haya suke da sunansu, su biyu ko uku, ke ma'aikaciya baƙuwa ce, sai kin ƙwanƙwasa. Aikinki ki koya masa girki, shiga bas, riƙe kuɗi, ki kuma gane abin da ke tunzura shi kafin ya fara dukan kansa. Ba da daɗi suka iso nan ba: a 2011 BBC ta ɗauki hoton ɓoye a asibitin Winterbourne View kusa da Biristol, aka ga ma'aikata na azabtar da irin waɗannan bayin Allah, aka rufe wurin, wasu suka tafi gidan yari. Mu ma kin tuna gidajen marin da aka fasa a Kaduna da Daura a 2019. Gidajen yara kuwa wani fanni ne daban, wata hukuma ce ma ke duba su.

Abin da ejan ba zai faɗa wa Baffa ba: za ki yi wa namiji baligi wanka da tsarki. Mazaunin gida na iya cewa mace yake so ko namiji, ke ba kasafai ake ba ki zaɓi ba. Za ki miƙa farantin naman alade, wani ya ce ki zuba masa giya. Ɗankwali ko ƙaramin hijabi ba matsala, amma hannun riga a gwiwar hannu yake tsayawa saboda wanke hannu. Salla a ɗan hutun da aka ba ki cikin duti na awa 12, kuma da hunturu azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa. Ki kai wa malaminku waɗannan tun kina gida. Albashin kuwa kusa yake da mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, wanda ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. In kika buga da naira kanki zai yi girma, amma haraji da hayar ɗaki da kuɗin ɗumama shi sun riga ki.

Shaidar Jahun tana da daraja a gida, amma hukumar NMC mai yi wa nas rajista a nan ba ta ɗaukar ta a matsayin ta nas. Hanyar da ta rage a buɗe ita ce ki nemi kwalejin jinya ta Birnin Kudu ko wata irinta, ki sami rajistar Najeriya, ki ci jarrabawar Turanci ta IELTS da maki 7 ko OET, ki yi ta ilimin jinya a kwamfuta, sannan ta gwajin aiki da ake yi a nan. Shekaru ne, ba watanni ba. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfani zuwa farautar nas a wajenmu. Ke da kanki za ki nema, ba ta hannun dillali ba. In kuma ya juya ya ce ki zo da bizar karatu ki riƙa aikin kulawa kina biyan makaranta, ɗalibi awa 20 kawai aka yarje masa a mako lokacin karatu, ba za su biya haya da kuɗin makaranta ba.

Idan an riga an ba mutumin nan kafin alƙalami, Yaya Babba ya ɗauki rasit da shaidu biyu ya je ya karɓo tun bai sauya lamba ba. Ki turo min sakamakonki na sakandare in ga ko darussan kimiyyarki sun cika na shiga Birnin Kudu. Kuɗin fom ina ɗauke da shi. Ki gaida Inna da Baffa, ki ce ina neman addu'a.