Amfilifaya Mai Kwalba Don Kiɗan Rok: Wat 100 Ko Wat 20?

Tambaya: Salamu alaikum Oga. Ni matashi ne a Nima, shekara 4 ke nan ina kaɗa jita, yawanci hailaif a wajen biki. Amma raina na kan kiɗan rok mai nauyi na da, irin sautin AC/DC da Led Zeppelin. Na yi tari, kuma yayana da ke Amurka ya ce zai cika mini ya aiko da amfilifaya mai kwalba, wato mai bututun gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sauti. Abokaina sun ce in ba Marshall mai wat 100 ba, kada in ɓata kuɗina. Gaskiya ne? Ɗaki ɗaya nake haya a gidan yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Jimlarka ta ƙarshe ita ta amsa tambayar. Mai ɗaki ɗaya a gidan yawa ba shi da abin yi da wat 100, sai dai in yana neman hanyar rabuwa da mai gidan haya.

Abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sautin da kake so daga Marshall ya fito. Jim Marshall ya fara haɗa amfilifaya a shagonsa na Landan a 1962, ya kwaikwayi tsarin Fender Bassman ya fitar da JTM45. Daga baya aka yi Super Lead mai wat 100, wadda ake yi wa laƙabi da Plexi, kuma ita ce ke bayan yawancin kiɗan da ka ambata. Abin da ba su gaya maka ba shi ne yadda take ba da wannan sautin. Plexi ba ta da maɓallin Master, wato mai rage ƙarar da ke fita ba tare da an rage gurnanin ba. In ka buɗe ta kaɗan, muryarta tas take fita, kusan irin wadda kake yi wa hailaif. Gurnanin nan mai kauri ba ya zuwa sai ka murɗa ta har kwalaben EL34 da ke ciki sun kai iyakar abin da za su ɗauka, sun fara matse sautin. A nan daɗin yake, kuma a nan ƙarar ta kai inda tagar maƙwabta ke rawa. Su AC/DC da Led Zeppelin filin wasa suke cikawa, a zamanin da lasifikan taro ba su da ƙarfin na yau. Kai kuwa ko a wajen biki, makirufo za a sa a gaban lasifikarka.

Akwai wani lissafi da ke ba matasa mamaki a bencin da nake gyaran amfilifaya. Wat 100 bai ninka wat 50 a kunne ba, bambancin desibel 3 ne kawai. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai ƙarfin ya ƙaru kusan sau 10. Ke nan wat 20 ba abin wasan yara ba ne. Da lasifika mai kyau zai tsaya da mai ganga ba tare da ya nitse ba.

Don haka ka nemi abin da ke tsakanin wat 15 da 40. Da kuɗina ne, Marshall SC20 zan ɗauka. Ƙaramar 'yar JCM800 ce, ita kuwa JCM800 ta fito a 1981 ta mamaye rok na shekarun nan. Tana da EL34 guda 2, tana da Master, ana kuma iya sauke ta zuwa wat 5. Amfanin Master shi ne ka buɗe Gain, maɓallin da ke tura sautin jita ciki da ƙarfi, ƙananan kwalaben 12AX7 su yi gurnani, ka rage ƙarar da ke fita. Ba daidai yake da buɗe Plexi ba, akwai ɗan ƙaiƙayi a saman sautin, amma a ɗaki shi ne mafita. 'Yar'uwarta SV20 ta fi kusa da Plexi ta asali, sai dai ita ma ba Master, kuma ko a wat 5 sai an ƙwanƙwasa maka ƙofa. In kuɗin bai kai ba, DSL20 ko DSL40 sun wadatar, tunda suna da tashar sauti mai tsabta, marar gurnani, da za ka ci gaba da aikin biki da ita. Orange Tiny Terror mai wat 15 ma tana da cizo, ko da yake kwalabenta EL84 ne, ƙasan sautinta bai kai na EL34 faɗi ba.

Wani kuskure da nake gani kullum: yaro ya murɗe Gain har ƙarshe yana zaton shi ne nauyi. Koma ka saurari jitar Malcolm Young na AC/DC da kunnen basira. Datti kaɗan ne a cikinta, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Nauyin daga hannun dama yake. Ka tsayar da Gain wajen rabi, ka ɗaga Middle, kada ka cika Bass. In lokacin solo ya zo, ƙaramin feda, akwatin da ake takawa da ƙafa, irin Boss SD-1 ko Tube Screamer ya isa ya tura ta gaba. Jita mai hambaka (maɗaukin sautin tsirkiya mai naɗin waya biyu), irin SG ko Les Paul, ko kwafinsu na Epiphone, ta fi saurin kai ka can.

Lasifika kuwa rabin sautin ce, kuma ita mutane ke tsuke wa aljihu. Nemi mai inci 12. Celestion Greenback ita ce muryar zamanin, amma wat 25 take ɗauka, ka lura da abin da za ka jona mata. Akwatin mai lasifika 4 manta da shi. Shi da kan amfilifaya mai wat 100, wato akwatin kwalaben da ake ɗora masa a sama, sun haura kilo 50, ka tambayi kanka wane yaron tirotiro ne zai yarda.

Yanzu maganar yayanka, wadda ta fi komai muhimmanci. Wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120. Watannin baya wani yaro ya kawo mini kan amfilifaya sabo fil, ledar ma ba a gama ɓare ta ba. Daga Amurka aka aiko masa, ya sayi adafta ta canza bakin filogi kawai ya soka a bango. Da na kwance bayanta, warin ƙonannen fenti ya buge ni, taransifomar wuta ta yi baƙi, fiyus bai cece ta ba. Ka gaya wa Yaya ya nemi ƙirar Turai ko Ingila mai bolt 230, ko ya turo kuɗin a saya daga Turai. In dole sai ta Amurka, to ka haɗa da taransifoma mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja, ka ɗaure ta da igiyar wutar yadda ba za a taɓa raba su ba. Ka ƙara da stabilaiza, saboda dawowar wuta bayan dumso, wato ɗaukewar wuta, da janaretan wajen biki su suka fi kawo mini aiki.

In ta hannu ka samu a nan Accra, ka je da jitarka ka kunna ta minti 20 aƙalla. Leƙa baya: ɗan jan haske a tsakiyar kwalba lafiya ne, amma in farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe ta nan take. Farin hoda a saman kwalba alama ce iska ta shiga, ta mutu. Duba tsatsa a jikin taransifoma da ramukan jak, domin iskar teku ba ta raga wa ƙarfe a garin nan. Ka kuma sa kuɗin sababbin kwalabe a lissafi, tunda daga waje suke zuwa, irin JJ na ƙasar Sulobakiya. Manyan a saye su tagwaye masu awo ɗaya, mai gyara ya daidaita musu bayas, wato yawan wutar da suke ja.

Kada ka taɓa kunna ta ba lasifika a jone, kuma lambar om da ke jikin lasifika ta dace da ta ramin da ke bayan amfilifaya: 8 da 8, 16 da 16. Kada kuma ka buɗe cikinta da kanka. Akwai wuta fiye da bolt 400 a ciki, wadda kan kwana a kafasito, ma'ajiyar wutar da ke ciki, ko an zare filogi. In ta iso, kawo ta mu duba lambar wutar da ke bayanta tare kafin ka soka ta a bango.