Amsa ga mai tambaya kan ɗora kanofi a RV-7 ba tare da ta tsage ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana harhaɗa RV-7, ƙaramin jirgin saman nan da mutum ke haɗawa da kansa, kuma kanofinsa mai zamewa baya, wato murfin roba mai kama da gilashi da ke rufe mazaunin matuƙi, ta iso, kana tsoron yankawa da hudawa kar ta tsage, kuma kana tambaya ko sukuru za ka sa ko gam. To tsoron nan naka yana kan hanya, domin ni sai da na fasa guda kafin na yi hankali.

Tawa ta tsage ne a watan Janairu a garejina nan Ohayo ta Amurka, sanyi kamar me, na kunna hita na minti ashirin na ga jikina ya ɗumama sai na ɗauka robar ma ta ɗumama, ashe tana nan da sanyinta. Na yanke gefe ɗaya, ban goge bakin ba na ce bari in ɗaga in gwada a kan firam ɗin da za ta zauna a kai tukuna, ni kaɗai ba mai kama min, ina ɗagawa sai na ji ƙas! Tsaga ta tashi daga bakin yankan ta yi sama kusan tsawon yatsa. Na zauna a kan bokiti na fi rabin awa ina kallonta, maiɗakina ta leƙo ta ga fuskata ta koma ba ta ce uffan ba.

Abin da ban gane ba a lokacin, robar kanofin irin wadda ake kira akirilik ce, idan ta yi sanyi gautsi gare ta, kuma duk wani ɗan ƙarzo-ƙarzo da ka bari a bakinta nan ne tsaga ke samun wurin farawa. Don haka ka ɗumama ɗakin ya kai digiri 25 ko sama, ka bar ta a ciki awanni, ba iskar ɗakin kake so ta yi ɗumi ba, ita kanta robar. Da a Kaduna kake da wannan bai dame ka ba sai lokacin hunturu.

Yanka da faifan yanka na giranda kawai, a hankali, kana bin layi sau biyu sau uku maimakon ka ce sai ka ratsa tashi ɗaya. Kar ka kuskura ka sa zarto mai haƙora. Kana yanka kana liƙa salatif a bayanka yana riƙe ɓangarorin biyu kar nauyi ya ja, musamman a babban yankan nan da ke raba gilashin gaba da na baya. Kuma duk yankan da ka yi, ko na gwaji ne da za ka sake ragewa gobe, ka goge bakin da samfefa kafin ka motsa ta, mai lamba 80 sannan 220 sannan 400, har ka shafa da yatsa ka ji sumul. Aiki ne mai gundura, na ɗora na sauke kanofi ta biyun ya fi sau goma sha biyar, kowane karo sai na goge.

Huda kuma, bakin dirila na ƙarfe yana cafkar roba ya fizge lokacin da zai fita ta baya, nan take yake tsaga ta. Nemi baki na musamman na akirilik, ka fara da ƙarami, ka faɗaɗa da bakin nan mai hawa-hawa, kar ka danna, ka bar shi ya ci da kansa. Yi gwaji a guntayen da ka yanke har hannunka ya saba.

Babbar maganar dai ita ce ramin ya fi sukurun girma. Akirilik tana buɗewa da zafi kusan ninki uku na alminiyon, kusan ninki shida na ƙarfe, firam ɗinka kuwa bututun ƙarfe ne. Lissafa da kanka, tsawon mita ɗaya da rabi, bambancin digiri 40 tsakanin safiyar hunturu da ranar bazara, robar za ta motsa wajen milimita 4, ƙarfen bai kai 1 ba. Idan ka matse ta ina za ta je? Shi ya sa wasu kanofinsu ke tsagewa jirgi na ajiye a hanga ba wanda ya taɓa. Ka ɗaure sukuru ya taɓa kawai, kar ka tamke. Kuma in firam bai zauna daidai da kanofi ba, firam za ka lanƙwasa, kar ka ja roba da kiliko, maƙalin wucin gadi da ake sawa a rami, ka ce za ta saba, ba ta sabawa, ajiye maka take yi.

Sukuru ko gam? Ni a ta biyun gam ɗin Sikaflex 295 UV na sa da firamarsa, wato ruwan da ake shafawa kafin gam, na saka 'yan guntayen roba na kamar milimita 3 tsakani don gam ya samu kauri, kaurin ne ke shanye motsin. Ba rami ba fargaba. Amma ba ya cikin zanen Van's, kamfanin da ke yin RV-7, in ka bi hanyar ka bi umarnin masu gam ɗin sak, firama da ta wuce wa'adi a zubar. Masu sukuru ma da yawa suna tashi lafiya shekara da shekaru, ba na ce hanyarsu ba ta da kyau ba, hannuna ne na daina yarda da shi.

Kar Loctite, ruwan kulle sukuru, ko asiton su kusanci kanofin, ɗigo ɗaya sai ka ga wurin ya yi tsage-tsage kamar gizo ya yi saƙa. In kuma tsautsayi ya gitta ta fara tsagewa, huda ɗan ƙaramin rami daidai ƙarshen tsagar ya tsayar da ita, sannan ka ɗiga Weld-On 3, gam ɗin akirilik. Turo min hoton yadda firam ɗin ya zauna ta baya kafin ka yanka komai, can ne ya fi ba mutane wahala.