Ƙari mai gashi da haƙori

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar da kai teburin yanka ƙari a ɗakin gwaji, alhali ƙarin da aka ciro daga ma'ajiyar ƙwan yarinyar nan ko makaho ya shafa ya san teratoma ne, wato ƙarin da ke tsiro da gaurayen sassan jiki iri-iri. Ina kallonka sa'ad da ka tsaga shi, maiƙo rawaya ya malalo, ga gashi a cukurkuɗe, ga haƙori manne da bango, ka ɗan ja da baya. Kowa haka ya fara.

Asalinsa ƙwayoyin da aka tanada su zama ƙwai ko maniyyi ne. Tun ɗan tayi yana mako 4 zuwa 6 suke tasowa daga jakar kwanduwa, wata 'yar jaka da ke manne da ɗan tayin, su bi tsakiyar jiki har su isa mazauninsu, wato ma'ajiyar ƙwai ko maraina. Wadda ta maƙale a hanya ita ke tsiro a tsakiyar ƙirji, ko cikin ƙwaƙwalwa, ko ƙashin gindin jariri. Ƙwayar da za ta iya gina mutum ɗungurungum, don ta yi fata da ƙashi ai ba abin mamaki ba ne.

To amma gashi da haƙori ba su hana ni barci. Abin da nake nema shi ne ɗanyen naman jijiya irin na ƙwaƙwalwa wanda bai nuna ba, don shi ne alamar kansa, kuma a wurin da ya yi tudu da tauri yake laɓewa. Ƙa'idar da muka gada ita ce yanki ɗaya ga kowace santimita. Ƙarin nan santimita 12 ne, ka kawo mini yanki 3, duk daga bango mai laushi.

Ka kuma duba takardarta? AFP, furotin ɗin da wasu kansoshi ke zubawa a jini, ya hau sosai a jininta, teratoma da ya nuna kuwa ba ya yin haka. Akwai yiwuwar kansar jakar kwanduwa ta ɓuya a wani lungu. A madubin ƙara girma ka nemi 'yar jijiyar jini da ƙwayoyin kansa suka yi wa zobe a cikin rami, abin da ake kira Shila-Dubal. Shekaru ma kada ka tsallake su: teratoma a marainan yaron da bai balaga ba galibi ba ya yaɗuwa, amma a na baligi kansa muke lissafa shi, komai kyansa a ido.

Abin da muka sa wa hannu shi zai yanke ko tiyatar ta wadatar, ko sai an ɗaura mata maganin kansa sisfilatin. Koma ka yanko tudun nan duka, ka haɗa da duk inda ya yi jini ko ya ruɓe. Gobe da safe mu duba tare.