Tsabar Meziko mai hatiman Sinanci: ta lalace ne ko ta ƙara daraja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zuwa sarin kaya Guangzhou. A tafiyar da ta wuce na sayi wata tsohuwar tsabar azurfa wajen mai kayan tarihi. Gefe ɗaya mikiya ce da maciji a baki, ɗayan kuma hula ce da haske kewaye da ita, an rubuta 8R. Zs. 1880. Duk jikinta ƙananan hatimai ne na rubutun Sin, har ta ɗan lotsa. Abokina ya ce an ɓata ta, mai kantin kuma ya ce hatiman ne ma kuɗin. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowannensu ya kama gefe guda, amma mai kantin ya fi ja wajen aljihunsa.

Mu fara da tsabar kanta, don ita ake fara yi wa kuɗi kafin a dubi hatimi. Riyal takwas ce ta Meziko (shi ne 8R ɗin da ka gani), irin wadda aka yi ta bugawa tun shekarun 1820 har 1897. Zs na nufin an buga ta a Zacatecas. Da Mo ka gani, birnin Meziko ke nan, Go kuma Guanajuato. Duba gaba da shekarar, za ka ga haruffa biyu na ma'aikacin da ya auna azurfar, sannan 10Ds. 20Gs., wato azurfa ce kashi 90 da ɗan ɗoriya cikin 100. Nauyinta giram 27.07, tsantsar azurfar ciki wajen giram 24.4. Wannan shi ne gindin farashinka: in dai ta gaske ce, ba za ta faɗi ƙasa da kuɗin azurfar nan a kasuwar ranar ba.

Su kuwa hatiman, aikin 'yan canji ne da fatake da gidajen kuɗi na ƙasar Sin. A wancan zamani Sinawa da awon azurfa suke ciniki, ba sunan gwamnatin da ke jikin tsaba kaɗai suke dubawa ba. In ta zo hannun ɗan canji sai ya auna, ya buga ta ya saurari amonta, sannan ya dasa mata ƙarfen hatiminsa. Saran yana tona cikin tsabar, a ga ko tagulla ce ko dalma aka yi wa rufin azurfa, kuma alama ce cewa gidansa ya karɓa. A tashoshin kudu irin su Canton, wato Guangzhou ɗin da kake zuwa, da Hong Kong aka fi yin haka, har wata tsabar ta koma kamar ɗan tasa. Al'adar ta mutu ne bayan 1935, da Sin ta daina amfani da azurfa a matsayin kuɗi.

To, ina hatimi yake kai farashi? Ga tsabar da aka buga da yawa, irin taka, bai cika ɗaga shi sosai ba, ko da yake akwai masu tara irin waɗannan musamman, kuma sukan ɗan ƙara a kan hatimi mai kyan fita. Ga tsaba mai wuyar samu kuwa, yawanci ragi yake jawowa, musamman in ya hau kan shekara ko alamar gidan bugu. Dalili shi ne akasarin hatiman Sin ba a san mai su ba, harafi ɗaya ne ko 'yar alama. Kwatanta da dalolin Sifaniya da masaƙun auduga na Scotland, irin su New Lanark da Rothesay, suka buga wa sunansu da farashi a farkon ƙarni na 19 don biyan ma'aikata. Can an san masaƙar, an san garin, shi ya sa hatimin ya fi tsabar tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna da taka shi ne inda ka saye ta. Kasuwannin kayan tarihi a Sin cike suke da jabu, kuma masu yin su sun gane cewa hatimi na kwantar wa baƙo hankali, sai su zuba tsabar da hatimanta gaba ɗaya. Kai ta wajen maƙerin zinariya ya ɗora a sikelinsa. In ta gaza giram 26, ka fara zargi. Kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa, amma rashin kamawar bai wanke ta ba, don tagulla ma haka take. Sai ka juya bayan kowane hatimi mai zurfi. Sara na gaske yakan bar tudu ko wurin da ya baje a ɗaya gefen daidai saitinsa, na zubi kuwa gefensa a dakushe yake, bayansa lafiya lau.

Kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, ko da ta yi baƙi ƙirin. Masu saye wannan dauɗar suke so su gani a cikin ramin hatimin, kuma gogewa kan rage kuɗin fiye da yadda saran ya rage. In ta tsallake gwajin maƙeri, ka nemi farashin da aka sayar da 8R ta Zacatecas ta 1880 mai hatimi a gwanjon tsabobi na intanet. Farashin da aka sallama za ka duba, ka bar wanda mai kaya ya yanka.